Lamba Arba'in da Huɗu

Ran Laraba suka zo, su biyu, bayan la'asar.
Motarsu ta kasa shiga lungunmu na Tudun Wada,
suka bar ta bakin kwata, suka tako da ƙafa.
Inna na tankaɗe. Ta ɗago ta ga kaki,
ta nemi fuskar da ta haifa, babu.
Sai ta kife rariya bisa garin, ta zauna.

Babbansu ya cire hula, ya ce Kofur Tanimu namiji ne,
ya ce an rufe su can gabas, su goma sha ɗaya,
an yi musu salla, an harba bindiga sama.
Baba ya ce, "Wa ya kama kansa da za a sa shi?"
Suka dubi juna.
Baba ya ce, "To. A kawo musu ruwa."

Ni aka aika bariki karɓo kaya.
Takarda uku na sa wa hannu, jaka ɗaya aka miƙo:
bargo, tocila, carbin da ya tsinke aka ɗaure da zare,
waya mai tsagaggen gilashi,
da takalmi lamba arba'in da huɗu,
jar ƙasar wani gari ta daskare a ƙarƙashinsa.
Daga Kawo na rungumo jakar a cinya.
Mai keke ya leƙo ta madubi, ya ce, "Oga ya zo hutu?"
Na ce e.
Har gida ban gyara maganar ba.

Ladidi ta shiga takaba a ɗakin Inna,
don na bariki an ce akwai mai jiransa.
Ba ta kuka da rana.
Da dare nakan ji ta tana ƙirga wani abu a hankali,
ban sani ba ko kwanaki ne, ko kuɗin makarantar Zinatu.
Ita ko Zinatu, shekara huɗu,
ta zura ƙafa biyu a takalmi guda,
ta sara wa masu gaisuwa, ta faɗi, ta tashi tana dariya.
Mata suka rufe baki da mayafi.

Akwai muryarsa a wayata, daƙiƙa sha tara:
"Ka ce wa Inna kada kowa ya taɓa mini dambun nama,
ina tafe bayan Salla.
Sauron garin nan, wallahi, ya fi bindiga."
Sai dariya, sai iska, sai ta yanke.
Dambun na nan a gwangwanin madara, saman kwaba.
Ya fara sauya ƙamshi. Ba mai magana.

Baba bai daina kunna rediyo ba.
Ƙarfe shida yakan kara ta a kunne,
a ce dakaru sun yi nasara, a lissafa motocin da aka ƙwato,
ya jira har a gama, har a shiga tallar taki.
Sunan bai taɓa fitowa ba.
Jiya tela ya aiko yaro da shadda ruwan toka,
ya ce an biya rabi tun azumi.
Baba ya auna ta a kafaɗata. Hannun ya zarce yatsuna.

Ran arba'in, da aka watse, aka naɗe tabarmi,
na tarar da Inna a bayan ɗaki da cokali,
ta kifa takalmin a cinya tana kankare shi,
jar ƙasar na zuba cikin farin ƙyalle.
Na ce, "Inna, kawo in wanke."
Ta janye.
Ta ce, "Ba su ba ni kabari ba, Barau.
Wannan ce ta gan shi ƙarshe."
Ta ƙulle ƙyallen a bakin zanenta,
inda take ƙulle kuɗin cefane,
ta tashi ta ɗora tukunya.